Me ya haɗa sababbin gidaje da gansakukar bakin teku a kudancin Ingila?

Mazauniyar Portsmouth:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina zaune a Portsmouth, kuma duk lokacin zafi, idan ruwa ya janye a gaɓar Langstone, sai in ga gansakuka kore shar ta lulluɓe laka kamar an shimfiɗa darduma, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wani maƙwabcina magini ya ce mini saboda wannan gansakukar sai da ya biya kuɗi mai kauri kafin ƙaramar hukuma ta ba shi izinin gina gidaje huɗu. Ina roƙon masana su warware mini wannan, domin ban ga abin da ya haɗa gida da teku ba.

Mai Tsara Gari:
Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya haɗa su shi ne ruwan banɗaki da na wanka. Ko bayan an tace shi, yakan fita da ragowar sinadarin naitiret, wanda taki ne ga gansakuka. Idan ta yi kauri sai ta shaƙe ciyawar teku da tsutsotsin cikin laka, waɗanda su ne abincin tsuntsaye, har da dinyar daji da ke tasowa daga Saberiya duk hunturu. Mashigin Solent kuwa, wato tekun da ke tsakanin gaɓar nan tamu da tsibirin Wight, wuri ne da doka ta kare.

A watan Nuwamba na 2018 Kotun Tarayyar Turai, wadda hukuncinta ke aiki a Birtaniya a lokacin, ta yanke hukunci a kan wata shari'ar ƙasar Holan, cewa ba za a ƙara wa wurin da ya riga ya lalace nauyi ba sai da tabbacin ba zai cutu ba. A 2019 Natural England, hukumar gwamnati mai kula da muhalli a Ingila, ta shawarci ƙananan hukumomin yankin da kada su amince da sabon gida sai an nuna bai ƙara ko kilo ɗaya na naitiret a kan abin da ke shiga teku ba. Ƙananan hukumomin Portsmouth da Fareham da Havant suka dakatar da bayar da izini na tsawon watanni.

Mafitar da aka samu ita ce musaya. Ana lissafa abin da gidan zai zubar a shekara, sannan a daina noma wata gona domin a rage daidai wannan adadin, magini ya biya. Havant ta yi haka da gonar Warblington, ƙungiyar kare namun daji ta Hampshire da tsibirin Wight kuma ta sayi gonar Little Duxmore a 2020. Portsmouth, da yake ba ta da gonaki, sai ta sa famfuna da shawa masu tsimin ruwa a tsofaffin gidajenta na haya. Ana kuma gindaya wa sabon gida sharaɗin kada ruwan da ake amfani da shi ya wuce lita 110 ga kowane mutum a rana.

Ɗan Manomi:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma akwai inda tsarin yake damuna ƙwarai. Mafi yawan naitiret ɗin daga takin gonaki yake, kuma wani sashensa an zuba shi tun shekaru masu yawa, yanzu ne yake tsattsafowa daga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sababbin gidaje kasonsu kaɗan ne. Musayar nan ba ta rage cutar ba, ta dai hana ta ƙaruwa, kuma ƙaramin magini irin maƙwabcin 'yar'uwarmu ne ya fi jin jiki, tun da manyan kamfanoni na iya sayen gona sukutum. Ni da na tashi a gidan noma, ba ƙaramin abu ba ne a wurina a ce an ajiye ƙasa mai albarka shekara 80 ko fiye ba a shuka ta.

Mai Tsara Gari:
Gaskiyarka, ɗan'uwa, sai dai ƙaramar hukuma ba ta da iko a kan takin manomi, izinin gini kaɗai ke hannunta. A 2022 an faɗaɗa tsarin ya kai ƙananan hukumomi 74 a faɗin Ingila. Gwamnati ta nemi soke shi a 2023, Majalisar Dattawan Birtaniya (House of Lords) ta ƙi, amma dokar da aka zartar a shekarar ta wajabta wa kamfanonin ruwa inganta manyan matatunsu a waɗannan yankuna nan da 2030, kuma a ganina wannan ne zai fi rage nauyin. Malama, idan kina son ganin lissafin gidajen maƙwabcinki, yana cikin takardun neman izinin da hukumar ke sakawa a shafinta na intanet.