Tsakin koko ɗanye: zan iya ba Baba a madadin goro?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwar maigidana ce ta zo daga Abuja da wata 'yar leda, a jiki an rubuta cacao nibs. Ƙwayar koko ce, wanda ake yin cakulan da shi, aka ɓare aka farfasa, ba sukari ba madara. Ta ce ɗanye ne, wai a haka ya fi amfani, kuma yana sauke hawan jini. Na tauna kaɗan, ga ɗaci ga bauri, sai can ƙarshe ƙanshin cakulan ya biyo baya. Damuwata Baba ne. Ya haura saba'in, yana kan maganin hawan jini, likita ya ce ya rage goro, shi kuwa bakinsa ya saba da tauna. Zan iya ba shi wannan? Kuma ɗanyen nan ba shi da illa? Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, ba na so in saya a banza.

Baffa Mai Sikeli:
Wa alaikumussalam 'yata, Allah Ya ƙara wa tsoho lafiya. Na daɗe ina aikin awon koko a Ikom, jihar Kuros Riba, don haka bari in gaya miki hanyar da ƙwayar nan take bi kafin ta shiga leda.

Idan aka fasa kwanson, ƙwayoyin na lulluɓe da wani farin nama mai zaƙi-zaƙi da tsami. Sai a tara su a kan ganyen ayaba a rufe, su yi kwana 5 zuwa 7, ana juyawa. Tulin yana ɗaukar zafi da kansa har ya kusan digiri 50, in kika cusa hannu ba za ki so ki daɗe ba. A nan ɗacin yake raguwa, ƙanshin ya fara samuwa. Daga nan sai shanya. To a nan ne nake so ki natsu. Manomi mai kula yana shanyawa a kan tabarmar gora da aka ɗaga sama. Wani kuwa a siminti yake bazawa, wani ma a gefen kwalta, kaji su bi ta kai, awaki su bi, ƙadangaru su bi. Manomin bai yi laifi ba, ya san masana'anta za ta gasa kafin kowa ya kai baki. Saboda haka idan aka ce mini ɗanye, ni abin da nake fara tambaya shi ne, wa ya shanya, kuma a ina?

In kin samu ƙwayar guda-guda, ki tsaga 'yan kaɗan da wuƙa. Mai kyau cikinta launin ƙasa ne, da tsage-tsage. Wadda ta yi launin toka ba ta tsumu a tulin yadda ya kamata ba, baurinta ba ya ciyuwa. Mai fumfuna ko warin hayaƙi ki zubar, kar ki ji asara. Sauran ki soya a busasshen kasko da wuta kaɗan yadda kike suyar gyaɗa, har ɓawon ya fara tsagewa, ki murje ki sheƙe. Ni da bakina ban taɓa cin wadda ba ta ga wuta ba, kuma ba zan ba tsoho ba.

Nas Rabi:
Baffa ya yi gaskiya. Ƙwayar cutar salmonela, mai kawo zawo da zazzaɓi, tana iya daɗewa a busasshen koko, kuma gashi ne ke kashe ta. Dattijo ba ya jure zawo kamar matashi.

Maganar hawan jini kuma, Maman Hanifa, akwai ƙamshin gaskiya amma an kambama. Koko yana da sinadarin flabanol mai taimaka wa jijiyoyin jini su saki. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta amince da wannan a 2012, a kan miligiram 200 kullum. Sai dai da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, saukar jinin ba ta wuce kusan maki 2 ba. Wanda awonsa ke kai 160 wannan ba zai fisshe shi ba. Don Allah kar Baba ya ajiye ƙwayar maganinsa ko sau ɗaya saboda koko.

Sannan ki sani koko da goro dangi ɗaya ne a itatuwa, kuma dukansu suna da sinadarai biyu masu wartsakar da jiki, kafin (mai hana barci, irin na kofi) da tiyoburomin. Goro ya fi yawan kafin, koko ya fi tiyoburomin, wanda bai kai sinadarin kafin tayar da hankali ba. Sauƙi ne aka samu, amma in ya ci da yawa ko da dare, barci na iya ƙaurace masa, gaba ya riƙa faɗuwa. Kusan rabin ƙwayar mai ne, shi ya sa cokali ɗaya zuwa biyu a wuni ya isa. Yana da maganiziyam da sinadarin ƙarfe da dusa mai gyara ciki, wannan ba musu. Mai ƙwannafi ko wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya yi hattara. Ki tafi da ledar asibiti ranar ganin likita ki nuna masa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Anti, ni da dabino nake ci. Ki cire ƙwallon ki cusa tsakin a ciki, zaƙin ya danne ɗacin. Ana barbaɗa shi a kunun gyaɗa ma. Tsadar kuwa ba daga mai shago kaɗai ba ce, a 2024 tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, bayan cuta da rashin kyan yanayi sun ɓata gonaki a nan Gana da Kwaddibuwa.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baffa, wanda ke hannuna an riga an farfasa shi, zai soyu a haka? Kuma haƙoran Baba sun yi rauni, ina tsoron taurinsa.

Baffa Mai Sikeli:
Zai soyu 'yata, amma farfasasshe yana saurin ƙonewa. Ki rage wuta sosai, ki yi ta juyawa, da kin ji ƙanshi ya cika kicin ki sauke ki baza a faranti ya huce. Don haƙora kuma ki ɗan daka a turmi, kar ki matsa, in ya sha daka man yana fitowa ya cure. Ki zuba a kwalba mai murfi, nesa da zafin murhu da kayan yaji, don yana saurin ɗaukar wari.