Taƙaitawa: Gwaji da bita a kai a kai wajen riƙe lissafi

Zancen da muka yi kan yadda gwaji da bita ke taimaka wa ɗalibi riƙe lissafi ya yi tsawo, ga dai abin da na tsinto.

Inda kusan kowa ya yarda:

1. Bin misalin da malami ya riga ya warware ba iya lissafi ba ne. Ɗalibi na kallo yana gyaɗa kai, amma da an rufe littafin an ba shi irin tambayar, sai ya cije a mataki na biyu. A rufe littafi, a warware da kai, sannan a duba amsa.

2. Kada a tara bita a dare guda. A koma kan darasin washegari, bayan kwana uku, bayan mako, sai bayan wata. An tuna mana cewa tun 1885 Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, ya nuna mantuwa ta fi gudu jim kaɗan bayan koyo.

3. A cakuɗa tambayoyi a takarda ɗaya: kaso cikin ɗari, aljabara, faɗin fili. A jarrabawa ba wanda zai gaya maka dabarar da za ka ɗauko.

Inda aka rabu:

Maki a ƙananan gwaje-gwaje. Wasu sun ce a cire, fargaba na toshe kai. Wasu sun ce in ba maki, yara ba sa zage damtse.

Katunan tambaya (tambaya a gaba, amsa a baya) irin na manhajar Anki. Sun yi amfani wajen haddace jadawalin sau da ƙa'idoji, amma masu ja sun ce ba sa koya warware doguwar tambaya. Ni dai hujjarsu ta fi gamsar da ni.