Yadda ake karanta wasiƙun Yahudawa daga sansanonin aikin dole

Wani zama da na halarta ya tattauna abin da ya kamata iyali su yi idan suka tsinci wasiƙun da danginsu suka rubuto daga sansanonin 'yan Nazi a Yaƙin Duniya na Biyu.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan kalmar "muna lafiya" da ake gani a wasiƙun. Aka ce kada a ɗauke ta yadda ta zo, domin kowace takarda sai jami'in tantancewa ya karanta ta, galibi kuma da Jamusanci ake tilasta rubutawa. Shi ya sa wasu kan sakaya zance, su kawo kalmar Ibrananci ta burodi ko ta yunwa kamar sunan wani kawu ne. Kwanan watan ma abin dubawa ne. A Maris 1944, an sa wasu fursunonin sansanin Birkenau (wani ɓangare na Auschwitz), waɗanda aka kwaso daga Theresienstadt, wani garin da aka tsare Yahudawa, rubuta katuna masu ɗauke da ranar da ba ta zo ba, sannan aka kashe su kafin ranar. Wannan ya tsaya mini a rai.

Kan adanawa kuwa, magana kaɗan ce: ban da gam, ban da salatif, a nisanta su da rana da danshi, a ɗauki hoton gaba da baya har da ambulan, saboda hatimin gidan waya na iya nuna sansani.

Mai neman makomar wani ɗan'uwa ya tuntuɓi Arolsen Archives, ma'ajiyar bayanan waɗanda 'yan Nazi suka zalunta, a Jamus, ko Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe, a Kudus.