Musayar Waƙa: A Ƙone Shaidar Wulaƙanta 'Yan Ailan ko a Adana?

Dattijon Zaure: Assalamu alaikum. Zancenmu na yau a kan tallace-tallacen neman ma'aikata ne na jaridun Ingila da Amurka a ƙarni na 19, masu cewa ba a buƙatar ɗan Ailan, da zanen da ya siffanta su da birai, kuma tambayar ita ce ko ya dace jikokinsu su ci gaba da adana su.

A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Ailan,
Gonaki suka ruɓe, abincin talaka ya yi ƙarewa.
Kusan mutum miliyan yunwa da zazzaɓi suka kashe,
Alhali jiragen hatsi zuwa Ingila suna ta wucewa.
Waɗanda suka tsira suka ƙetare teku zuwa Boston,
Aka ce musu ga aiki, amma ban da ku a shigowa.

Ɗan Autan Mawaƙa: Baba, Allah ya ƙara girma, ni ina ganin a ƙone su.

Mai yawan tonon tsohon miki, Baba,
Ba ya barin fatar ta samu damar warkewa.
Kennedy, tattaɓa-kunnen 'yan Ailan, ya ci zaɓen shugaban Amurka a 1960,
Fadar da ta ƙi kakanni ta buɗe masa da karramawa.
Tony Blair, Firaministan Birtaniya, ma a 1997 ya fito ya amsa
Cewa masu mulkin Landan na lokacin yunwar sun yi gazawa.

'Yar Malam: Ƙanena, ka yi haƙuri, ban yarda da kai ba ko kaɗan.

A 1834 an ƙone gidan mata masu ibada a Charlestown ta Amurka,
Don ƙin Katolika, addinin yawancin 'yan Ailan, ba don laifin da suka yi aikatawa.
A 1844 Filadelfiya ta ga coci biyu sun ci wuta,
In ka ƙone takarda, da me za ka ƙaryata mai musantawa?
Ka je Montreal ta Kanada ka dubi wani baƙin dutse,
Wanda leburorin gadar Victoria suka yi kafawa.
A 1859 suna haƙa suka tarar da ƙasusuwa,
Na baƙi dubu shida daga Ailan da zazzaɓin jirgi ya yi halakawa.
Talakawa ne, da yawansu 'yan Ailan masu ɗaukar kaya,
Suka ciro dutsen daga kogi don kada a yi mantawa.

Ɗan Autan Mawaƙa: Yaya, maganar dutsen ta shiga jikina, sai dai ina da sharaɗi.

Na janye batun wuta, amma kada a rataye su a mashaya,
Ana sha ana dariya, zagin kaka ya koma abin ƙawatawa.
A kai su gidan tarihin yunwa na Strokestown a Ailan,
A rubuta sunan jaridar da shekarar da ta yi bugawa.