Neman hujja kan samuwar Allah: raunin imani ne ko a'a?

Na Mabera: Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ke yawo tsakanin ɗalibai kwanan ga, wai in Allah na nan a kawo hujja wadda za a gani da ido a auna. Ni dai ra'ayina duk wanda ya kai ga wagga tambaya imaninshi ya riga ya yi rauni, tunda farkon Baƙara ma da imani da gaibu anka siffanta masu taƙawa. Mi kunka gani?

'Yar Arkilla: Wa alaikumus salam. Yaya gaskiya ban yarda ba. Annabi Ibrahim da kanshi ya ce Ubangiji nuna min yadda kake rayar da matattu, anka ce ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu, Baƙara aya ta 260. Kuma ba a kore shi ba, tsuntsaye huɗu anka ce ya kama.

Na Mabera: Ƙanwata shi Annabi Ibrahim yadda ake rayarwa ya tambaya, bai tambayi ko akwai mai rayarwar ba. Ki duba da kyau.

Ɗalibin Likita: Ku yi haƙuri in shigo. Ni musulmi ne ina sallata alhamdulillahi amma abin da ke damuna shi ne yadda muke amsa wa yaran nan, a makaranta an koya muna ba a yarda da magani sai an gwada shi an ga sakamako, to yaro ya taso da wannan tunanin ya yi tambaya sai a ce mishi rufe baki ka yi istigfari, wallahi ba ya daina tambayar, YouTube yake komawa da ita cikin dare, can kuma waɗanda za su amsa mishi ba masu son shi da alheri ba ne.

Na Mabera: To ai hadisi ne, in Shaiɗan ya kai ka ga wa ya halicci Ubangijinka, ka nemi tsari ka bari.

Ɗalibin Likita: Wannan maganin waswasi ne Yaya, ga wanda ya riga ya yarda da hadisin. Wanda ke shakkar tushen fa?

Malam na Kanwuri: 'Ya'yana ku saurara. Garin ga bai taɓa tsoron hujja ba. A zaurukanmu ana karanta littafin tauhidi na Imam Sanusi, sifofin Allah 20 kowace da dalilinta na hankali: duniya tana canzawa, mai canzawa fararre ne, fararre kuwa dole da wanda ya fare shi. Alƙur'ani ma haka ya tambaya a Suratuɗ Ɗur aya ta 35, shin ba daga komai anka halicce su ba ko su ne masu halittar. To amma a zamanin Shehu Usmanu an samu wasu ɗalibai sunka wuce gona da iri, suna tare talakawa suna tambayarsu dalilai, wanda ya kasa su ce kafiri ne. Shehu ya yi rubuce-rubuce da yawa yana raddi gare su, yana kare imanin talaka. Ni abin da na fahimta ke nan, tsohuwar da ba ta san dalili ba imaninta ingantacce ne, yaron da ya nemi dalili kuma haƙƙinshi ne a zaunar da shi a ba shi.

'Yar Arkilla: Allah shi ƙara lafiya Malam. Kuma kimiyya ma ai ta ce sararin samaniya da duk abin da ke cikinshi yana da farko, shekara wajen biliyan 13.8 da sunka wuce, wanda ya fara kawo maganar ma limamin coci ne ɗan Beljiyam, Lemaître.

Ɗalibin Likita: Nan ne nake jin tsoro 'yar'uwa. Kimiyya ta ce sarari yana faɗaɗa daga wani yanayi mai tsananin zafi, ba ta faɗi abin da ke gabanin haka ba, kuma in kika jingina imaninki da ita gobe aka sake lissafi ya za ki yi?

Malam na Kanwuri: Ya yi gaskiya. Ma'aunin zafin jiki ba ya auna nauyi. Na'ura abin da ke cikin halitta take kamawa, Mahalicci kuwa ba ya cikin halittarsa balle a same shi a gilashin gwaji. Annabi Musa ya nemi gani anka ce ba za ka gan ni ba, dutse ma bai iya ɗauka ba.

Na Mabera: Malam na ji, amma ni har yanzu ina ganin buɗe wagga ƙofa ga kowa haɗari ne, ba kowane yaro ke neman gaskiya ba, wani gardama kawai yake so.

Ɗalibin Likita: To ta yaya za ka bambance su in ba ka bari ya gama tambayar ba? Malam, in na kawo maka abokina guda bayan la'asar ranar Asabar za ka zauna da shi? Tambayarshi ta fi wagga nauyi, kan wahalar jarirai marasa lafiya ce da muke gani a asibiti.

Malam na Kanwuri: Kawo shi. Ku zo ku biyu kawai, kada a tara mishi jama'a.