Daga Zariya zuwa Burmi: wa ya taɓa bin sawun rundunar 1903 a mota?

Malamin Sakandare, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni da abokan aikina muna shirin in an yi hutu mu zuba mai mu bi hanyar da rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta bi a 1903. Ta tashi daga Zariya ran 29 ga Janairu, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu, ta wuce Sakkwato, daga baya aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi. Karatun muna da shi. Wanda ƙafarsa ta taka wuraren muke nema, ya faɗa mana abin da ya tarar da kuma halin hanya.

Ɗan Bebeji:
Wa alaikumus salam Malam. To ku fara da mu, don mu aka fara taɓawa kafin Kano. Ratse ne kaɗan daga titin Zariya. Da igwa suka fasa ƙofar gari, Sarkin Bebeji da mutanensa suka kwanta dama a wurin. Na taɓa raka wasu ɗalibai, kuma gaskiya in ba ka da ɗan gari ba abin da za ka gane, ganuwar ta zaizaye, wani wurin ma gero ake shukawa a kai. Ku fara zuwa ƙofar fada ku yi gaisuwa, ku riƙe goro. Dattawa na nan bayan la'asar, amma kada ku ciro wayar ɗaukar murya tun ba a saba ba, sai kowa ya yi gum.

Hajiya ta Kabuga:
Ɗana, in kun iso Kano kada ku tsaya a Ƙofar Kabuga kuna neman tarihi, hayaƙin adaidaita sahu ne kawai zai cika muku ido. Ni kullum ta nan nake wucewa kasuwa. Ta wajen Dukawuya suka fara gwadawa ganuwa ta gagare su, sannan suka zagayo Kabuga suka shiga. Ku je Gidan Makama, can ne za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, ku taɓa ƙarfen da hannunku. Jikata ta tambayi mai yi mana bayani ina Sarki yake ranar, ya ce Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato da mafi yawan dakarunsa, Sarkin Shanu ne ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi. Yarinyar ba ta ƙara magana ba sai da muka hau mota.

Direban Gusau:
Malam, bari in faɗa maka gaskiya tun da wuri. Ni hanyar Funtuwa zuwa Gusau ita ce abincina. Kwatarkwashi ga ta nan bakin titi kafin ka shiga Gusau, dutsen ma tun daga nesa yake maka sallama. A yankin ne aka yi karon da Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a ƙarshen Fabrairu. Amma tsayawa yawon buɗe ido a wannan tsakanin, daga Tsafe zuwa gaba, ban ba ka shawara ba. Mu kanmu ba ma tashi sai rana ta ɗaga, ba ma kaiwa magariba, in ka ga motocin gaba sun daina zuwa ka taka birki ka tambaya. Wata rana fasinja ya roƙe ni in tsaya ya ɗauki hoton dutsen, sauran suka yi masa caa, har wata tsohuwa ta ce in hoton yake so ya sauka ya zauna da shi. Batun bin ainihin sawunsu ta Ƙaura Namoda da Bakura cikin daji kuwa, ku cire shi a lissafi.

Malamin Sakandare, Zariya:
Allah ya saka, direba. Ke nan mu tsallake Zamfara?

Direban Gusau:
Ku wuce ta cikinta da rana, gilashi a rufe, ku kalli dutsen ta taga. Ya isa.

Basakkwace:
Ni jirgi na sa baƙina suka hau, na tarbe su. Abin da ya ba su mamaki shi ne Giginya, inda aka gwabza ran 15 ga Maris, yau tana tsakiyar gari. Sunan na nan a kan filin wasa da bariki, yaro zai kai ka wurin amma bai san dalilin sunan ba. Mun yi ziyara a Hubbaren Shehu, muka leƙa gidan adana tarihi na Waziri Junaidu. A can gardama ta ɓarke tsakanin baƙin nawa: ɗaya ya ce Attahiru ne ya yi daidai da ya zaɓi hijira, ɗaya ya ce ba don Waziri Buhari ya tsaya ya yi sulhu ba da talakawan birni sun shiga uku. Har muka gama cin tuwon dare ba su daidaita ba. Ni dai ra'ayina, mai ƙoshi a inuwa bai kamata ya yi saurin yanke wa ɗayansu hukunci ba. Bindiga mai ruwa ce fa a gabansu, su kuwa takobi da mashi da kibiya.

Ɗalibar Tarihi:
Ƙarin bayani kaɗan, Yaya. Abin da mutane ba sa son ji shi ne sojojin nan sama da 700, Turawan cikinsu 'yan ƙalilan ne, sauran duk baƙar fata ne, da Hausawa a ciki, ga 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka. Hujjar da Gwamna Lugga ya kafa ta kai wa Kano hari kuma ita ce Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ya gudo Kano aka karɓe shi.

Ma'aikaci a Ashaka:
Burmi tana kusa da mu, ta wajen Bajoga a jihar Gombe. Ku sani ba rundunar Morland ce ta zo nan ba, wata ce daban, kuma sai ran 27 ga Yuli aka yi yaƙin ƙarshe, bayan an kori Turawa a karon farko cikin Mayu. Garin kufai ne yanzu. Na je da damina, ƙaramar motata ta kafe a laka, sai ɗan acaɓa ne ya ƙarasa da ni ta cikin gonaki. Kabarin Sarkin Musulmi na nan, na Manjo Marsh da ya jagoranci harin ma yana nan ba nisa. Wani manomi da ya bar garmarsa ya raka ni ya ce akan samu baƙi daga Sudan, jikokin waɗanda suka bi Mai Wurno ɗan Attahiru suka zauna a bakin kogin Nilu, suna zuwa su yi addu'a su koma. Ku zo da rani, ku taho da ruwan sha, babu shago.

Malamin Sakandare, Zariya:
Mun gode ƙwarai. Yadda na fahimta, tafiyar ba za ta yiwu a zama ɗaya ba. Za mu yi Bebeji da Kano a wannan hutun, Burmi bayan girbi ta hanyar Bauchi, Sakkwato kuma sai mun ga abin da aljihu ya ce game da tikiti. Ɗan Bebeji, Asabar ko Lahadi, wacce ta fi dacewa a samu dattawan?

Ɗan Bebeji:
Asabar, Malam. Ku sanar da ni tun Alhamis in gaya wa Baba.