Ɗana ya zo na 31 a aji, ta ina zan fara?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum. Ɗana yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Zariya, kuma ranar da aka ba da hutun zango na biyu ya kawo mini takardar sakamakonsa a ninke cikin aljihun wando, har ta fara yagewa a tsakiya. A firamare bai taɓa wuce na biyar ba, amma yanzu ya zo na 31 cikin ɗalibai 48, lissafi kuwa maki 37 ya samu. Mahaifiyarsa ta ce a ɗauko masa malamin lesin, ni kuma zuciyata ta fi karkata ga hana shi ƙwallo. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ka ajiye zancen na nawa ya zo tukuna, ka duba yadda makin ya rabu. A yawancin makarantunmu ana ware maki 30 ko 40 ga gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida, sauran kuma na jarrabawar ƙarshe ne. Idan ya ci gwaji amma ya faɗi jarrabawa, to rashin bita ne ko firgici. Idan kuwa tun daga gwajin makin ya yi ƙasa, ko dai darasin ba ya shiga, ko kuma ba ya miƙa aikin da aka ba shi, kuma kowanne da maganinsa daban. Ka tuna cewa yaron da ya saba da malamin aji guda a firamare, yanzu kowane darasi da malaminsa, kuma babu wanda zai tsaya a kansa sai ya gama kwafar abin da ke kan allo. Ka karɓi littafinsa na lissafi ka buɗe shafi-shafi.

Maman 'Yan Biyu:
Yaya, kada ka yi gaggawar hukunci. 'Yata ta yi irin wannan faɗuwa, na yi ta yi mata faɗa, ashe an mayar da ita layin baya ne, ba ta ganin rubutun allo. Sai da na lura tana ƙanƙance ido in tana kallon talabijin sannan muka je asibiti aka ba ta tabarau. Sai dai lissafin kada ka yi masa sakaci, domin a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC in bai samu aƙalla C6, wato kiredit mafi ƙanƙanta, a cikinsa da Turanci ba, shiga fannoni da dama a jami'a zai yi wuya.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai. Malama, na duba: maki 9 ya samu cikin 40 na gwaji, 28 cikin 60 na jarrabawa, littafin kuma daga tsakiyar zango babu komai sai kwanan wata da kanun darasi. Da na zaunar da shi bayan isha'i, ya ce malamin yana goge allo kafin ya gama rubutu, shi kuma yana jin kunyar ɗaga hannu. Na aike shi ya aro littafin abokinsa ya cike gurbin a wannan hutun, kuma ranar da aka koma zan je in ga malamin ajin da kaina.